Sanduna Shida, Tsayi Ɗaya

Litinin, 2 ga Yuni

Auta ta kawo kwalaye goma sha biyu. Ta ce ranar ashirin da takwas ga wata motar kaya za ta zo, in koma gidanta. Har an yi wa ɗakin fenti. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ta ce, "Mama, wata takwas ke nan da rasuwar Baba. Ko bakin titi ba kya leƙawa. Keken ɗinkinki har gizo-gizo ya tare a ciki."

Na ce ƙarya ne, kullum ina goge shi. Ta ce gogewa daban, ɗinki daban. Aikin jinya ya koya mata kallon mutum cikin ido kamar tana neman cuta. Ta ce da tana ganin ina fita ina shiga mutane, da ba ta matsa ba. Amma ba za ta bar ni ina hira da kujerarsa ba.

Ba na son barin gidan nan. Ban gaya mata ba. Ga shi na gaya wa littafi.

Talata, 3 ga Yuni

Na sa tawul uku a kwali. Na fitar da su. Na zaga falo, na zaga kicin, na dawo falo. Ban san abin da nake nema ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Yau na shiga ƙaramin ɗaki, inda mijina Malam yake tara tarkacensa. Jakar golf ɗinsa na nan jingine, da busasshiyar ciyawa a gindinta. Tun da ya bar aikin gidan ruwa likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa, shi ke nan abokinsa Hedimasta ya ja shi filin nan na bayan asibiti. Shekara tara, duk Asabar. Kuma bai taɓa iyawa ba. Wai kowane ɗan wasa da lambarsa, gwargwadon rangwamen bugun da ake yi masa. Gwanaye tasu ƙarama ce. Tasa ashirin da tara. Abokansa Na-Baya suke ce masa, yana amsawa da fara'a kamar sarauta aka ba shi.

Sau nawa ya ce, "Tela, zo mu je ki sha iska." Tela yake ce min, shekara talatin da shida. Ni kuma in ce ina da aikin yi, ba ni da lokacin bin ƙwallon da ba ta kai ƙwai ba.

A bayan kabad na ga wani dogon kwali, a kwance, an rufe shi da tsohon labule. Na jawo. Sandunan golf ne. Sababbi fil, guda shida, kawunansu cikin leda.

Wato saya ya yi ya ɓoye min. Mutumin da ko takalmi ya saya sai ya sa ya zaga falo in gani.

Juma'a, 6 ga Yuni

Ina shara ina yi masa faɗa a fili. Kana da jaka cike da sanduna. Wacce daga ciki ka iya bugawa da za ka ƙaro shida? Kuma me ya kai ka ɓoyewa, cinye ka zan yi?

To. Da na gani da na yi magana, gaskiya ne.

Asabar, 7 ga Yuni

Asabar ce. Ƙarfe bakwai na safe har yanzu kunnena yana jiran ƙarar jakar nan tana bugun ƙofa. Na tura kwalin da ƙafa zuwa bayan kabad. Anjima na sake jawo shi. Ban gama faɗan ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Abin ya tsaya min a ido. Na jera su a kan teburin yanka, sai na ga kawunansu sun yi daidai kamar an ja layi da alli. Na ɗauko tef na auna. Inci talatin da biyar da rabi. Ta biyu haka. Duk shidan haka, ko rabin rabin inci babu bambanci. Alhali lambobin da ke jikinsu daban-daban ne: shida, bakwai, takwas, tara, sai biyu masu harafi.

Na fito da tsofaffin nasa na jera. Su kam kamar 'ya'yan gida ɗaya an tsayar da su hoto, kowa ya ɗara na bayansa da rabin inci. Haka ya kamata. Lamba daban, awo daban. Ko yaron da ya fara koyon ɗinki jiya ya san wannan.

An cuce shi. Sun ga dattijo mai yawan dariya wanda bai iya wasa ba, suka haɗa masa ragowar kaya. Kuma gajeru ne. Mutumin da wandonsa inci arba'in da uku. Shi ya sa ya ɓoye, kunya ya ji.

Yanzu ba da shi nake faɗa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na kira Hedimasta ya zo ya gani. Ya rame. Da can in ya shigo tun daga ƙofa yake cewa, "Ina matarmu, a kawo shayi." Tun ranar rasuwa ya koma ce min Hajiya. Na fi son na da, amma ta ina zan fara gaya masa.

Ya ce shi bai san Malam ya sayi komai ba. Ya zaro ɗaya, ya tsaya zai gwada, sai ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce, "Hajiya, ai wannan ta hagu ce." Ya duba sauran. Duka na hagu.

Na ce ka gani ko, cuta biyu ke nan. Malam da ko cokali bai iya riƙewa da hagu ba.

Ina zuba masa shayi ina ta magana, shi kuwa yana kallon butar. Sannan ya ce akwai takardar shagon a manne a kwalin, shagon da ke ƙofar filin ne, in kai musu. Na ce ya kai min mana. Ya ce gwiwarsa. Na ce kai da kake zaga filin golf, rami goma sha takwas, duk sati? Ya ce gwiwar tana zaɓen inda take ciwo.

"Ki je da kanki. Ni in na je ba zan iya yi musu irin masifarki ba."

Laraba, 11 ga Yuni

Ban je ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na sa mayafi, na ɗaure kwalin da igiya, na kai bakin ƙofar gida. Motoci sun yi yawa. Yaushe aka buɗe shagon waya a inda mai gyaran takalmi yake? Na dawo. Na zauna da mayafin a jikina har azahar.

Auta ta kira, ta ce kwali nawa na cika. Na ce ana kai. Ba ta tambayi ina ake kaiwa ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na je. Bari in rubuta duka kafin ya tsere min.

Na hau bas da kwalin a tsaye tsakanin ƙafafuna, wata mata tana tambaya ko labule na sayo. Shagon ƙarami ne, warin roba da gam. A baya akwai benci da matsi irin na maƙera, da raga da aka rataye, da tabarmar roba kore. Mai shagon ya manyanta, gilashinsa a goshi, yatsunsa duk baƙin gam.

Tun a bas na shirya maganata. Na dire kwalin na ce, "Mijina ya rasu, amma ni ina nan. Kun sayar masa da sanduna shida awo ɗaya, gajeru, kuma na hagu. Tela ce ni, da tef na auna, kada ma ka fara."

Ya sauke gilashin, ya karanta takardar. Ya ce, "Na-Baya." Ya yi min ta'aziyya, ya ce ya ji labari a fili. Ya jawo min kujera. Na ce a tsaye na zo. Ya ce to, Hajiya, amma bayanin da ɗan tsawo. Na zauna.

Ya ce ba kuskure ba ne, haka ake yin su. Sandunan da aka saba, kowace da tsayinta, don haka kowace da irin tsayuwarta. Doguwa ka miƙe ka ja baya, gajera ka sunkuya ka matso, ƙwallon ma wurin ajiye ta yana canzawa. Gwani ba ruwansa. Amma wanda bai ƙware ba, kafin jikinsa ya riƙe tsayuwa ɗaya an miƙo masa wata. Su waɗannan duk an yanke su tsayin lamba bakwai, nauyin kawunan ma ɗaya. Tsayuwa ɗaya, lilo ɗaya. Kwanciyar fuskar ce kawai ta bambanta, ita ke sa wata ta tafi nesa, wata ta tashi sama ta sauka kusa.

Na ce to ina lamba huɗu da biyar, Malam yana da su a tsohuwar jaka. Ya ce da gangan aka bar su. In hannu ba shi da ƙarfi sosai, waɗannan ba sa tashi, sai su yi ta rarrafe a ciyawa, kuma nisan duk ya zama ɗaya da na shida. Ɗaukar kaya ne kawai.

Ya juya min kan sandar. Bayanta a rarake kamar cokali, gindinta da faɗi. Ya ce an kwashe ƙarfen tsakiya an mayar gefe da ƙasa, don ko ba a sami ƙwallon a tsakiyar fuska ba ta tafi dai. Faɗin gindin kuma don kada ta nutse a ƙasa in an sari gaban ƙwallo, sai ta zame. Ya ce a sana'arsu masu yafiya suke ce musu. Na ce ashe har ƙarfe. Ya ce wani ƙarfen ya fi mutane.

Na ce duk na ji. Gajartar fa? Hagun fa?

Ya tashi ya buɗe wata durowa cike da katuna, ya yi ta lalube, ya miƙo min ɗaya. Ya ce ba a yanke sanda sai an auna daga wuyan hannun mutum zuwa ƙasa, yana tsaye hannuwa a sake. A katin an rubuta inci talatin. Hannu: hagu. Mariƙi: siriri. Kwanan watan, kwana goma sha ɗaya kafin ranar rasuwarsa.

Na ce wannan ba awon mijina ba ne. Nasa zai kai talatin da shida, ko ido rufe na sani.

Ya ce, "Ai bai ce nasa ba ne, Hajiya."

Ni ban san me ya sa kaina ya yi nauyi haka ba. Ina zaune, jakata a hannun hagu, katin a hannun hagu.

Ya ce sau uku Malam yana zuwa kafin ya zaɓa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ce ta yi nauyi, kafaɗarta tana ciwo. Shi ya sa aka sa jiki mara nauyi maimakon na ƙarfe. Ya ce ya gaya masa ya kawo ni a gwada ni sosai, don ba kowane bahago ne ke bugu da hagu ba. Malam ya ce wannan ko ƙofa da hagu take rufewa, kuma ba za ta zo ba. Ya ce masa, "Matata ba ta da haƙurin koyon tsayuwa shida. Amma ka ba ta abu ɗaya ta maimaita, za ta gaji da kai kafin ta gaji da shi. Shekara talatin tana tsaye gaban tebur ɗaya."

Mai shagon ya ce ya tambaye shi, in ta ƙi fa? Wai sai ya yi dariya ya ce, "Za ta yi faɗa kwana uku. Ran na huɗu za ta ɗauko tef ta auna su. In ta auna, ta shigo hannu."

Ya ce in ina so in bar su, zai samo mai so. Na ce zan yi shawara. Na ɗaure kwalina na fito.

A bas na buɗe littafin nan na ƙirga. Alhamis, Juma'a, Asabar. Lahadi na auna.

Talata, 17 ga Yuni

Na tsaya jikin bango na taka bakin tef da ƙafa. Talatin cif.

Na tuna ranar da Malam ya auna ni. Ya ce in tsaya in saki hannuwa, zai sa kafinta ya ƙara wa teburin guga tsayi. Ya durƙusa da ƙyar, yana riƙe da tef ɗina a juye, na ce ba ta nan ake farawa ba. Ya ce yi shiru, Tela, yau ke ce kwastoma. Na yi ta jiran kafinta, har na yi masa gori.

Na auna amare, na auna jarirai, na auna shi kansa ya fi sau ɗari. Ban tuna wanda ya taɓa auna ni ba.

Almakashina na hagu ma shi ya nemo min, shekarar da muka yi aure, da ya ga yadda na dama yake cin babban yatsana. Yadda aka yi ban gane ba tun ranar da Hedimasta ya zo, ban sani ba. Shi Hedimastan ya gane. Munafuki, shi da gwiwarsa.

Laraba, 18 ga Yuni

Yau ban iya komai ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na ɗauki lamba bakwai na fita bayan gida. Don in ji nauyinta ne kawai. Mariƙin ya zauna a tafina kamar an ɗinka. Na ajiye ƙwallo ɗaya daga jakarsa. Na kai mata duka sau huɗu ban same ta ba. Na biyar na samu. Tukunyar fulawar maƙwabciya ce ta biya.

Ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Auta, lafiya?" Na ce ɓera nake kora. Ta kalli sandar, ta kalli ƙwallon a cikin fulawarta, ta ce ɓeran naku fari ne. Muka yi dariya har na riƙe bango. Daga baya na shiga ɗaki na yi kuka. Ban san wanne ya fi gajiyar da ni ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Auta ta zo ta tarar da kwalaye goma sha ɗaya a ninke, ɗaya da tawul ukun nan da na mayar. Ta zauna a kansu ta dafe kai. Ta ce, "Mama, saura sati ɗaya." Na nuna mata sandunan da katin. Ta karanta, ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ta ce za a sama musu wuri a gidanta, a saman kabad.

A saman kabad. Daga bayan kabad zuwa saman kabad.

Gidanta tafiyar awa biyu ce daga filin. Ban san me ya sa na lissafa ba.

Talata, 24 ga Yuni

Hedimasta ya ce Talata da safe babu mutane sosai a wurin koyo, in zo ko sau ɗaya, in sauke wa abokinsa nauyi. Na ce sau ɗaya.

Wuri ne mai rumfa, an jera tabarmin roba, gabanka fili har iya gani da alluna masu lamba. Aka ba ni bokiti cike da ƙwallaye. Da yake ni bahaguwa ce sai na tsaya ina fuskantar Hedimasta, kowa na kallon gabas ni ina kallon yamma. Ya ce shekara tara yana kallon ƙeyar Na-Baya, yau ga shi ana kallonsa ido cikin ido, shi ya sa bugunsa ya lalace. Na ce da ma can a lalace yake, Malam ya gaya min.

Ya nuna min inda zan sa ƙafa. Na ciro alli daga jaka na zana a tabarmar, ƙafa nan, ƙafa nan, ƙwallo nan. Ya ce ba a yin haka. Na ce wa ya hana? Na buga da bakwai. Ya miƙo tara, ya buɗe baki zai ce in matso, sai ya tuna ya rufe. Ban motsa daga kan allina ba. Shida ma haka. Shi kuwa duk sandar da ya canza sai ya yi ta taka rawa yana neman wurin tsayuwa.

Yawancinsu a ƙasa suka gangara. Wasu na sari tabarma, sandar ta zame ta kwashi ƙwallon duk da haka, kamar yadda mai shago ya ce. Guda ɗaya kuwa, wajen ƙarshen bokitin, ban ji komai a hannuna ba, sai wata 'yar ƙara, na ɗaga kai na gan ta a sama, fara, tana tafiya ba ta sauri. Ta sauka bayan allon farko.

Hedimasta ya ce, "Kai, matarmu." Sai ya kama bakinsa. Na yi kamar ban ji ba, na ce ya miƙo min wata.

Wannan abin Malam yake bi shekara tara ashe. Guda ɗaya a bokiti.

Alhamis, 26 ga Yuni

Kafaɗa kamar an yi min duka. Jakarsa ta yi min tsawo, igiyar tana kaiwa gwiwa. Na sa wa keke mai, na rage igiyar inci bakwai, na ƙara aljihun alli a gefe. Zaren ya tsinke sau biyu, keken yana fushi da ni. Tunda na riga na zauna, na rage wa Hedimasta wandon da yake ta ja sama a fili kamar na aro.

Tsofaffin sandunan Malam na jingine su a ƙaramin ɗaki. Lamba bakwai ɗinsa kawai na bari a jakar. Ba don komai ba, shida suna ƙara in ana tafiya, ta bakwai tana cike wurin.

Asabar, 28 ga Yuni

Jiya na kira Auta na ce ta dakatar da mai mota. Ba fasawa na yi ba. Na ce mata akwai ɗinkin mutane a hannuna, ba a tashi da kayan mutane. Ta ce ɗinkin wa? Na ce wando ɗaya ne, da maƙwabciya da ta kawo yadi biyu a madadin tukunyarta. Ta ce ai ke ya kamata ki biya. Na ce haka muka shirya.

Ta ce to za ta zo yau da safe mu yi magana. Na ce ta bari sai bayan azahar, da safe ba na nan.

Ta ce, "Ina za ki, Mama?" Na ce wani wuri. Na ji tana jan hanci, ta ce mura ce. 'Yar jinya da ƙarya.

Ba wai son wasan nake ba. An riga an yanke su daidai ni, ba wanda za su yi wa amfani, kuma ba na son asara. Hedimasta ya ce in na fara zagaye za a ba ni lamba, wataƙila ta fi ta Malam girma. Na ce a bar wa gidanmu na baya, mun saba.

Bakwai saura kwata. Jakar ta bugi ƙofa da zan fitar da ita, na dawo in ɗauki alli.